Tambayi Mai Gyara: Kwamfutar gidana ta gaji, wacce zan saya da kuɗin adashina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Funtuwa. Ina da laftof da maigidana ya saya mini tun 2014, yanzu ta gaji. In na kunna ta, har ruwan shayi ya tafasa ba ta gama buɗewa ba. Batirin ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta bi wutar, ga gindin murfin ya karye sai na jingina shi da ƙamus. Aikina da ita ba yawa: buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon yara a Word da Excel, sauraron karatu a YouTube, da kiran bidiyo da ɗana da ke karatu a Masar. 'Yata kuma za ta zana JAMB, tana son ta riƙa gwaji. Na kwashi adashi, ina da naira 250,000. Wani mai shago ya nuna mini sabuwa dal a kwali, siririya gwanin sha'awa. Wani maƙwabcinmu kuma ya ce in sayi tasa, Core i7 ce, wai babu wadda ta kai i7. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa wa adashin albarka. Ki riƙe kuɗinki tukuna, domin a yadda kika kwatanta su, babu wadda zan ce ki ɗauka a cikin biyun. Da ƙanwata ce ta zo mini da kuɗin nan, ta hannu zan nema mata, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke aiki da su 'yan shekaru su sauya, 'yan kasuwa su kwaso, waɗanda muke kira tokumbo ko 'yar Landan. Sharaɗi huɗu zan gindaya: furosesa, wato injin da ke sarrafa duk aikin na'urar, ta kamfanin Intel zubi na 8 ko sama da haka, ram mai giga 8, ma'ajiya irin SSD mai giga 256, da batir mai sauran rai.

Tsohuwar taki, da nauyin buɗewa ne kaɗai ciwonta, da na hana ki sayen wata. Na sha ganin kwamfutar da ake shirin jefarwa, aka cire mata tsohon faifan ajiya mai juyawa aka sa SSD, ta koma buɗewa kafin mutum ya gyara zama. Amma taki ciwo uku gare ta, kuma karayar gindin murfi muguwar karaya ce, tana jan wayar allo, wata rana ki buɗe ki ga duhu. In kika haɗa kuɗin murfi da batir da SSD, kin zuba kuɗi mai kauri a kan na'urar da ta haura shekara goma.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Ba wai za ta daina kunnuwa ba ne, a'a, facin tsaro da ake turo mata kowane wata ne ya tsaya, sai ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, shi ma wa'adin da aka sanar a lokacin zuwa Oktoban 2026 ne ga mai amfani da ita a gida. Windows 11 kuwa tana da zaɓe. A wajen Intel, galibi daga zubi na 8 take karɓa, kuma sai na'urar tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Kwamfutar 2014 ba ta cikin lissafi. Wannan ne ya sa na kafe a kan takwas. Amma ki lura, ganin Windows 11 a kan allo ba shaida ba ne. Akwai dabarar da masu shago ke yi su cusa ta a kan tsohuwar na'ura ta ƙarfi, ta yi aiki, amma babu tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa. Lambar furosesar za ki duba, ba hoton da ke allo ba.

To ga maganar maƙwabcinki. Core i7 ba shekarun haihuwa ba ne, sunan gida ne, kuma a gidan akwai kaka akwai jika. Akwai i7 ta 2011, akwai ta 'yan shekarun nan. Abin da ke raba su ita ce lambar da ke biye da sunan. In kika ga i7-2620M, wannan 2 ɗin da ke bayan ɗan layin yana nufin zubi na biyu, ta 2011 ke nan, ta girmi wadda kike son rabuwa da ita. In kika ga i5-8250U, zubi na takwas ce, ta fito a 2017. Daga zubi na goma lambobi biyu na farko ake karantawa: i5-10210U ta goma ce, i5-1135G7 ta sha ɗaya. Kuma a zubi na takwas ɗin ne aka yi wani tsalle da ya kamata ki sani: i5 ta laftof irin 8250U ta zo da ƙwaƙwalwa huɗu a ciki, alhali i7-7500U, wadda ta riga ta da zubi ɗaya tak, biyu gare ta. Wato ƙaramar sabon zubi ta fi babbar tsohon zubi. In mai furosesar kamfanin AMD ce aka nuna miki, Ryzen mai lamba dubu uku da wani abu, kamar Ryzen 5 3500U, ko sama da haka, ita ma ba laifi.

Ni kaina wannan i7 ɗin ta taɓa cin kuɗina, shi ya sa nake jin zafin maganar. Ina sabon shiga sana'ar, wani dillali ya kawo mini wata baƙa mai nauyi, da 'yar takardar i7 manne a gefen madannai tana ƙyalli. Ya ce, "Oga, wannan ko sukundireba ba ta taɓa gani ba." Ban duba komai ba, takardar ta rufe mini ido, na biya har da la'ada. Da na isa shago na buɗe bayanan na'urar, sai ga i3, tsohon zubi. Takardar ma a wata kwamfutar aka ɓamɓaro ta. Wata shida tana kan kantar shago tana shan ƙura kafin na rabu da ita da faɗuwa. Don haka ki ce wa maƙwabcin naki, cikin mutunci, ya karanto miki cikakkiyar lambar. In zubi na 8 ce ko sama, a zauna a yi magana. In ta fara da 2, 3 ko 4, ki yi masa godiya. Ciniki da maƙwabci ma yana da nasa nauyin, domin ranar da ta lalace ba za ki iya buɗe baki ba.

Sabuwar cikin kwali fa? Ban gan ta ba, amma sabuwa dal a irin wannan kuɗin na san danginta. Yawanci Celeron ce, irin N4020, da ram giga 4 da aka liƙe a jikin allon na'urar ba ya ƙaruwa, da wata ma'ajiya mai suna eMMC mai giga 64, dangin wadda ke cikin ƙananan wayoyi. Makon farko za ki ji daɗinta. Daga nan Windows za ta cinye kusan rabin ma'ajiyar, 'yarki ta sa manhajar gwajin jarrabawa, ki buɗe Excel da shafi biyar na intanet, ki dawo gidan jiya, ruwan shayi na tafasa kina jira. Kyan ɗan maciji ke nan. Ba na cewa kowace sabuwa haka take. In kin samu sabuwa mai Core i3 na zubin baya-bayan nan da ram 8 da SSD, wannan kaya ne, har da garanti. Sai dai tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya yi nisa da abin da ke hannunki.

Ram kamar tabarmar da kike baje aiki a kai ne, ma'ajiya kuwa rumbu. In tabarma ta yi ƙanƙanta, kowane lokaci sai an naɗe wannan kafin a shimfiɗa wancan, abin da kike gani a matsayin nauyi ke nan. Giga 8 ya ishe ki, 16 alatu ne a irin aikinki. Rumbu kuwa kada a ruɗe ki da girma. Za a ce miki, "Hajiya wannan tera ɗaya ce, waccan 256 kawai." In tera ɗayan, wato giga dubu, tsohon faifai ne mai juyawa, ki ɗauki 256 ɗin SSD. Takardun jarrabawa na shekara ashirin ba za su cika ko kwatansa ba.

In sunaye kike so ki rubuta a takarda, ga waɗanda suka fito wajen 2018 kuma suka cika kasuwanninmu: HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490 ko 7490, da Lenovo ThinkPad T480. Duk allon inci 14 ne. In kina son babba saboda ido, tunda a gida za ta zauna, akwai yayyensu masu inci 15.6: EliteBook 850 G5, Latitude 5590, ThinkPad T580. Na fi son waɗannan ne don an ƙera su domin ma'aikacin da zai buɗe ya rufe kullum, gindin murfinsu da ƙarfi, kuma saboda yawansu, batir da caja da madannai ba sa wuyar samu a Kano ko Kaduna. Ni T480 ce a gabana yanzu da nake wannan rubutu. Ba ta da kyan gani, kamar allon makaranta take, amma batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya na waje da ake zarewa da hannu, kuma ramin ram biyu ne. Abu ɗaya dai: a cikin waɗannan samfuran akwai waɗanda suka zo da furosesa zubi na bakwai, don haka ko sunan ya yi daidai, lambar ce dai alƙali. Za kuma a tura miki EliteBook 840 G3 da araha, tana da yawa ƙwarai. Na'ura ce mai ƙwari, amma zubi na shida ce, ki wuce ta.

Yanzu ranar saye, wadda ita ce rabin aikin. Zuwa da kai ya fi aike. Kada ki tura kuɗi a sako miki a mota don kin ga hoto a WhatsApp. Ko Zariya za ki, ko Kaduna, ko Kano wajen Farm Centre da titin Beirut, ki je shago mai ƙofa da suna, ba mai tsayuwa a bakin hanya da jaka ba. Ki tafi da 'yar taki, yaran yanzu hannunsu ya fi namu sauri, ki kuma tafi da filas da abin saurare na kunne. Ki nemi kujera ki zauna. Rabin awa za ki yi, kuma duk mai shagon da ya ƙosa da zamanki ya riga ya gaya miki wani abu game da kayansa.

Da farko ki sa a zare caja, a kashe ta gaba ɗaya, ki kunna da hannunki. Mai SSD lafiyayya ba ta kai minti ɗaya. In ta buɗe, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi mai suna Task Manager zai fito, ki shiga sashen Performance. A nan za ki ga cikakken sunan furosesa da lambarta, da yawan ram, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD, wato tsohon faifai mai juyawa. Wannan shafin ba ya karɓar la'adar kowa. Daga nan ki buɗe Notepad, 'yarki ta bi madannai ɗaya bayan ɗaya, layi-layi, har lambobi da kibiyoyi. Sau da yawa harafi ɗaya ne ke mutuwa, kuma sai kin koma Funtuwa kina buga sunan wani yaro za ki gano. Ki buɗe farin shafi ya cika allo, ki duba ko akwai tabo ko ɗigo ko layi, sannan baƙin hoto, ki ga ko haske na tsiyaya ta gefe. Ki soka filas ɗin a kowane rami. Ki buɗe kyamara ki ga fuskarki, ki yi magana ki naɗa ki saurara, tunda kiran ɗanki na cikin dalilan sayen. Ki kunna intanet ɗin wayarki ki ga ko za ta kama. Ki buɗe murfin ki rufe sau huɗu ko biyar a hankali kina sauraro. In kin ji ƙas-ƙas, ko kin ga gefen yana buɗe baki, kin san wannan ciwon, shi kika baro a gida.

Batir shi ne inda aka fi cin mutane, kuma a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo, shi ne abin da ya fi damunki. Kada ki tambayi mai shago awa nawa take yi, amsar kullum "huɗu zuwa biyar" ce. Ki sa a buɗe Command Prompt, shafin da ake rubuta wa Windows umarni, a rubuta powercfg /batteryreport, a danna Enter. Za ta nuna inda ta ajiye rahoto, a buɗe shi. Layi biyu za ki nema: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yau. In na farko 50,000 ne na biyu 41,000, batirin na da sauran ƙarfi. In na biyun 22,000 ne, ya ci fiye da rabin rayuwarsa, sai a rage miki kuɗin sabo ko a sauya kafin ki biya. Duk tsawon zaman nan kuma ki bar bidiyo na tafiya ba caja, ki ga kashi nawa ya sauka. Ki kifa ta a kan tebur ki duba cikinta, ki shafa wajen da ake jan yatsa. In ya ɗago ko ya yi tudu, batirin ya kumbura, wannan ba abin kai wa gida mai yara ba ne.

Saura abu ɗaya da mutane ba su cika sani ba. Tunda daga ofisoshi suke fitowa, wasu na zuwa da makullin tsohon gidansu. Akwai mai kalmar sirri a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, akwai wadda in an goge komai aka sake sa mata Windows aka haɗa da intanet sai ta nuna sunan wani kamfani a Ingila ta ce a shiga da adireshin ma'aikacinsu. Ki ce mai shagon ya shiga BIOS a gabanki ki ga ba ta tambayi komai ba. Sannan a rubuta a risit cewa in ta kulle kanta za a sauya. Risit ɗin ya ɗauki lambar jikin na'urar, da kwanan wata, da kwanakin gwaji. Masu shagon kirki na ba da mako ɗaya ko biyu, wasu wata guda. Wannan takardar kariya ce ta wani ɓangaren ma, domin kayan sata na yawo, kuma ba kya son wata rana a yi miki sallama da tambayar inda kika samo ta.

Kada ki zube kuɗin duka a kan na'urar. Ki ware wani abu na caja ta asali, domin ta jabu mara nauyi tana kashe batir, wani lokacin har ta sa kibiyar allo rawa in an jona. Ta gaskiya ana jin nauyinta a hannu, galibi wat 45 ko 65 ce ga irin waɗannan. Farashin da aka fara faɗa miki kuwa ba shi ne na sallama ba. Ki taya, in ya ce albarka ki miƙe, shago na gaba ma da irinta. In kuɗin ya gaza kaɗan, gara ki ɗauki mai ƙujewa a murfi ko Core i3 zubi na takwas, da ki sauko zubi na shida don ƙyalli.

Tsohuwar kuma kada ki ba kowa ita, ko kyauta ko sayarwa, da faifan ajiyarta a ciki. Hotunan iyali na shekara goma na ciki, da sakamakon yaran mutane. A cire shi a gabanki, aikin minti biyar ne a yawancinsu, a sa shi cikin ɗan gidan da ake jonawa ta USB. Kin samu hanyar kwashe kayanki zuwa sabuwar, kin kuma samu wurin ajiye kwafi na biyu. In ta iso gida, a raba ta da katifa da kafet, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle in ba a aiki, kuma in an tada janareto a bar shi ya daidaita kafin a jona. 'Yar taki ki buɗe mata nata sashen daban da naki. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka ki haɗa mata da ɗan linzami, wato maus, mai igiya, hannunta ya saba da shi kafin ranar. Allah ya ba ta sa'a.

Tambaya: Malam, na ga wata ana kiranta Chromebook, arha sosai. Za ta yi wa yara? Daga wani magidanci a Gombe.

Amsa: Za ta yi in gidanka da intanet a tsaye, domin yawancin aikinta a can take yi, kuma manhajojin Windows ba sa hawa kanta kai tsaye. Kowace kuma tana da ranar da Google ke daina sabunta ta, wasu na kasuwa tasu ta riga ta wuce. Wadda aka cusa wa Windows ta ƙarfi kuwa ka bar ta, sau da yawa sauti ko wasu madannai ba sa aiki.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Maraɗi. In na sayo laftof a Kano, madannanta na Ingilishi ne, mu kuma da na Faransanci muka saba. Zan iya rubuta Faransanci da Hausa da ita?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa. Abin da aka zana a kan madannai fenti ne kawai, Windows ce ke yanke harafin da zai fito. Ka shiga saitin harshe ka ƙara Faransanci, nan take jerin QWERTY zai koma AZERTY, sai ka sayi 'yan takardun haruffa ka manna in idonka na buƙata. A wurin nan dai akwai Hausa ita ma. In ka ƙara ta, ka riƙe Alt na hannun dama ka danna b, d ko k, za ka samu ɓ, ɗ da ƙ, da y kuma ƴ, wadda ku kuke rubutawa a Nijar inda mu muke sa 'y. Maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara ne ke sauya maka daga wannan harshe zuwa wancan. Ka dai tabbata Alt ɗin dama na aiki kafin ka biya, domin yana cikin waɗanda ba a cika gwadawa ba.